Haya ko saye: wata takwas da na yi ina sauya manhajar zane

Na koyi zane a kwamfuta a wani shagon ɗab'i da ke Fagge, cikin Kano, a hannun ogan da har yau idan na je gaishe shi sai na durƙusa. A shagon nan babu wanda ya taɓa tambayar daga ina manhaja take fitowa. In an kawo sabuwar kwamfuta, sai a kira yaron da ke saka manhajoji, ya zo da filashinsa, ya zuba CorelDRAW da Photoshop, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Ƙa'ida ɗaya ce tak ake koya wa ɗan koyo: kada ka kuskura ka buɗe su alhali kwamfutar tana kan intanet. A haka na taso, a haka kuma na buɗe nawa shagon, ina katin biki, da fosta, da kalanda, da satifiket na makarantun Islamiyya, ba tare da na taɓa biyan masu manhajar ko kwabo ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a watan Satumba na 2022, daidai lokacin da ake shirin buɗe kamfen ɗin zaɓen 2023, wato kakar masu sana'armu. Na sauko da wata sabuwar manhajar sata daga wani shafi. Da safe na kunna kwamfuta, na tarar duk fayil ɗin da ke ciki an liƙa masa wani baƙon suna a ƙarshe, babu wanda yake buɗewa, ga wata 'yar takarda da Turanci ana neman in biya kuɗi kafin a sakar min aikina. Aikin shekara huɗu ne. Tambarin makarantu, zanen katunan da nake sauya wa suna in sayar, hotunan mutane da suka ba ni amana. Abin da na tsira da shi kawai shi ne wanda na taɓa kwafewa a wata ma'ajiya ta waje, shi ma na sama da shekara ɗaya baya ne.

Asarar ta yi min ciwo, amma akwai abin da ya fi ta damuna a kwanakin. Ni mutum ne da raina ke ɓaci matuƙa idan wani ya ɗauki zanena, ya goge sunan shagona, ya kai wata maɗaba'a aka buga masa. Na sha cewa wannan cin haƙƙi ne. To, da wace fuska nake faɗin haka, alhali kayan aikin da na yi zanen da shi ma gumin wasu ne na ɗauka ban biya ba? Da na kai wa ogana maganar, sai ya ce, "Kai yaro, Turawan nan ba su san da zamanka ba." Na ce, "Haka ne Oga, amma ni na san da zamansu." Bai ƙara cewa komai ba, sai addu'a da ya yi min.

A watan Nuwamba na shekarar na shiga tsarin haya na Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, tsarin da suke kira Creative Cloud. Ba ni da zaɓin saye ko da ina so, domin tun watan Mayu na 2013 kamfanin ya sanar cewa ba zai ƙara fitar da sabuwar sigar manyan manhajojin zanensa ta sayen dindindin ba. Sigar CS6, wadda ta fito a 2012, ita ce ta ƙarshe da mutum zai biya sau ɗaya ya riƙe, ita ma an daina sayar da ita a farkon 2017. Daga nan sai dai ka biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya kuma manhajar ta daina yi maka aiki.

Biyan kansa sai da ya zama aiki. A 2022 bankunan Najeriya sun rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Nawa katin sau uku yana ƙin wucewa. Sai da wani abokin sana'a ya nuna min yadda ake buɗe katin dala na waya, wanda ba ka riƙe shi a hannu, lambobi ne kawai, kana zuba masa naira ana juya maka ita dala a farashin da ya fi kusa da na 'yan canjin Wapa.

Ba zan ɓoye ba, shekarar farko na ji daɗi. Kuɗin fosta na shigowa, dala 55 a wata ba ta dame ni ba. Na buɗe Photoshop da intanet a kunne ba tare da gabana ya faɗi ba. Ga ɗaruruwan salon rubutu da ke zuwa tare da hayar, ga InDesign da na fara koyon tsara littafi da ita, ga damar saka manhajar a kwamfuta biyu, ta shago da ta gida. Ko matsalar data ba ta tsaya min ba, tun da manhajar a cikin kwamfutarka take zaune, lokaci-lokaci ne kawai take leƙa intanet ta tabbatar ka biya, mai tsarin shekara kuma yana iya kaiwa kwana 99 bai hau ba. Abu ɗaya ne ya rage min a zuciya: tsohuwar Corel ɗin sata tana nan a wata tsohuwar kwamfuta a lungun shago, domin kusan duk maɗaba'ar da nake kai wa aiki fayil ɗin Corel suke tambaya. Duk ranar da na kunna ta, sai in ji tubana bai cika ba.

Sai zaɓe ya wuce, kasuwa ta kwanta. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin janareto ya ninka. A watan Yuni aka saki naira, farashin gwamnati ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700. A Nuwamba yarjejeniyata ta sabunta kanta, a daidai lokacin da farashin tsarin ya koma kusan dala 60. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kwastoman da ke ba ni aikin katin biki kuwa bai ƙara min ko sisi ba, hasali ma ragi yake nema, don shi ma abin da ya same ni ya same shi.

Wani dare bayan sallar isha'i na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na buɗe shafin ƙarshe, na yi lissafin da ya kamata a ce na yi tun farko. Na yi amfani da farashin da kamfanonin suka sa a Amurka, don shi ne ma'aunin da ba ya rikitarwa, ko da yake akan samu ragi a wasu lokutan. Dala 60 sau 12 ta ba ni dala 720 a shekara. A shekara uku, dala 2,160. A farashin ranar, naira 90,000 ke nan duk wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar yake naira 30,000, kuma ko da aka ɗaga shi a watan Yuli bai wuce 70,000 ba. A ƙasan wannan na rubuta Corel, wadda kamfaninta na Kanada ya bar ƙofa biyu a buɗe: ko hayar dala 269 a shekara, ko sayen dindindin a dala 549. Ko ɗan firamare zai gane cewa da zarar an ɗan haura shekara biyu, mai saye ya fara cin riba a kan mai haya. Sai na uku, Affinity, ta kamfanin Serif da ke Nottingham a Ingila: manhaja uku, ta zane, ta gyaran hoto, da ta tsara littafi, duka a ƙasa da dala 170, biya ɗaya.

In lissafi ne kaɗai, ai magana ta ƙare a daren. Amma da na ci gaba da kallon shafin sai na ga ba jimillar kuɗin ce ta fi tayar min da hankali ba. Ni da naira nake samu, da dala nake biya. Mai saye sau ɗaya yake fuskantar canji, a ranar da ya zaɓa. Mai haya kuwa sau goma sha biyu a shekara, a ranar da aka zaɓa masa, ko kasuwa na ci ko ba ta ci. Sana'armu ta kaka ce: ana samu kafin azumi lokacin da bukukuwa ke yawa, ana samu a ƙarshen shekara saboda kalanda, ana samu lokacin siyasa. Tsakanin waɗannan akwai watannin da sai ka wuni ba ka buga ko takarda ɗaya ba. Haya ba ta san wannan ba. Wanda ke aiki a kamfani ana biya masa, ko wanda kwastomominsa na waje ne suna biyansa da dala, haya ta dace da shi ƙwarai, kuma da ni ne shi ba zan bari ba. Ni dai ba shi ba ne.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Duk aikin da na yi a wata goma sha biyar ɗin nan yana cikin nau'in fayil ɗin da manhajar haya ce kaɗai ke buɗe shi yadda ya kamata. Fayilolin nawa ne, suna cikin kwamfutata, babu mai ƙwace su. Amma mabuɗin na haya ne. Na riga na ɗanɗana yadda mutum ke ji idan yana kallon aikinsa ba ya iya buɗewa, ban kuma shirya sake ɗanɗanawa ba, ko da ta hanyar da na sa hannu da kaina. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Na kuma tuna abin da ya faru da masu zane a Benezuwela a watan Oktoba na 2019, lokacin da Adobe ta sanar da su za a rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka. An janye matakin kafin ya fara aiki, amma ya nuna cewa hayar tana iya yankewa ko da ka biya, saboda rigimar da babu ruwanka a ciki.

Washegari na shiga asusuna na Adobe da niyyar fita, sai na tsaya na karanta sharuɗɗan da na amince da su tun farko ba tare da na karanta ba. Tsarin da nake kai na shekara ne, ana karɓa wata-wata. Wanda ya fita bayan kwana 14 na farko zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. A rubuce yake, ni ne ban duba ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne, domin a watan Yuni na 2024 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin Amurka ta kai kamfanin kotu a kan yadda ake bayyana wannan sharaɗi ga masu shiga. Ni dai na auna: in biya rabin kuɗin wata takwas in tafi hannu rabbana, ko in biya duka in yi amfani da watannin wajen kwashe kayana a natse. Na zaɓi na biyu. Na rubuta ranar da yarjejeniyar za ta ƙare a jikin bangon shago da alli, na kuma sa wa wayata ƙararrawa mako biyu kafin ranar.

Daga nan gwaji ya fara. Kowane kamfani yana ba da kwanakin gwaji kyauta, Corel kwana 15, Affinity kuma a watan Yuli na shekarar ta buɗe gwajin wata shida cur. Ban tsaya gwada abubuwan burgewa da ake nunawa a bidiyo ba. Na zaɓi ayyuka biyar da suka fi kawo min kuɗi, na ce kowace manhaja sai ta yi su daga farko har a buga: katin ɗaurin aure, satifiket na saukar Alƙur'ani, fileks mai tsawon ƙafa goma, kalandar bango, da ɗan littafi mai shafi 48.

A nan ne na ci karo da abin da babu wani mai sharhi na ƙasar waje da ya taɓa ambata min, domin ba damuwarsa ba ce. Kusan babu katin da zan yi da babu Larabci a cikinsa. Bisimilla a sama, aya a kan aure, addu'a a ƙasa, satifiket na Islamiyya kuwa rabinsa Larabci ne. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa kuma suna sauya kama gwargwadon inda suka faɗo a kalma. Affinity, a sigar da na gwada, ba a gina ta da wannan ba: in ka liƙa aya sai haruffan su rarrabu, su juya baya. Ana iya zagayewa, a rubuta a wata manhajar a mayar da rubutun zane sannan a shigo da shi, amma wannan ba abin da zan riƙa yi sau ashirin a rana ba ne, kuma ayar Alƙur'ani ba wurin ganganci ba ce. Wasali ɗaya ya goce, an buga kati 500, ka shiga uku da mai biki, ka kuma ɗauki nauyin da ya fi na mai biki. Corel tana rubuta Larabci daidai, InDesign ma haka idan ka kunna mata tsarin da ya dace. Wannan gwajin kaɗai ya tabbatar min Affinity ba za ta zama uwar ɗakin shagona ba, duk arharta.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa. Wannan ba laifin manhaja ba ne, na salon rubutu ne. Yawancin salo masu kyau ba su da su, shi ya sa za ka ga fosta an rubuta "daurin aure" maimakon ɗaurin aure, ko a ga harafi ɗaya ya fita daban kamar baƙo a tsakiyar kalma. Da na zauna na duba, sai na ga da yawa daga salon da na saba da su a shekara biyun nan na cikin hayar ne, ranar da ta ƙare za su ɓace daga kwamfutar, duk fayil ɗin da na yi da su kuma ya rikice. Na shafe kusan mako uku a kan wannan kaɗai. Na koma salon da ke da lasisin kyauta: Charis, da Andika, da Gentium na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google, dukansu suna da ƙugiyoyinmu. Na ajami kuwa na samu Alkalami, wanda aka zana bisa irin rubutun allo na Kano, da Harmattan. Ranar da na fara buga satifiket da Alkalami, malamin makarantar ya daɗe yana kallonsa, ya ce kamar da tawada aka rubuta. Waɗannan babu mai karɓe su, ko wace manhaja na koma.

Kwashe fayiloli shi ya ci mafi yawan watannin. Kullum bayan la'asar, in aiki ya lafa, ni da yaron shagona mukan ɗauki babban fayil na kwastoma ɗaya mu bi shi. Duk aikin Illustrator, wato manhajar zane ta Adobe, mukan fitar da shi gida biyu: PDF mai inganci na bugu wanda aka mayar da rubutunsa zane, da wani wanda aka bar rubutun yadda za a iya gyarawa. Dalili shi ne Affinity tana buɗe fayil ɗin Illustrator ne ta hanyar kwafin PDF da ke ƙunshe a cikinsa, don haka duk abin da ka ajiye a gefen allon zane ba zai fito ba, ni kuwa a gefen nake tara rabin dabaruna. Na InDesign kuma dole a fitar da kowanne a nau'in fayil ɗin da ake kira IDML tun hayar tana da rai, domin shi wasu manhajoji ke karantawa, ba ainihin fayil ɗin ba. Wanda ya bari hayarsa ta ƙare bai yi wannan ba, sai ya sake biyan wata guda kafin ya ceto littattafansa. Fayilolin Photoshop su ne masu sauƙi, suna buɗewa da shimfiɗunsu, sai 'yan gyare-gyare. Komai muka gama mukan ajiye shi wuri uku: kwamfuta, ma'ajiyar waje da ke kwana a gida, da intanet. Satumban 2022 ta koya min wannan.

Launi ma sai da na bi shi. Abin da ido ke gani a allo daban, abin da inji ke fitarwa da tawada huɗu daban. Na ɗauki fosta ɗaya mai kore da ja, na fitar da ita daga manhaja uku, na kai maɗaba'a aka buga min a takarda iri ɗaya. Mai injin ya ce, "Malam, wannan ɓarnar takarda fa?" Na ce masa gara in ɓata uku yau da in ɓata dubu gobe. Bambancin bai taka kara ya karya ba muddin an daidaita tsarin launin tun farko. Na gwada Inkscape da GIMP ma, waɗanda kyauta ne kuma halal, ina kuma girmama masu yin su. Inkscape ta burge ni wajen tambari, amma fitar da launin bugu daga cikinta yana buƙatar zagaye, don haka na bar ta a kwamfutar koyo.

Ana cikin haka, a watan Maris na 2024, labari ya zo cewa Canva, mai manhajar zane ta intanet, ta sayi Affinity. Canva kuwa da haya aka san ta. Sun yi alƙawarin ba za su ƙwace wa kowa abin da ya saya ba, amma labarin ya sa na sake tunani a kan kalmar "dindindin" ita kanta. Gaskiyar magana, ba manhajar kake saya ba, izinin amfani da siga ɗaya kake saya. Sigar nan za ta tsaya inda take, duniya kuma ta ci gaba. Waɗanda suka sayi CS6 suka riƙe a kwamfutar Apple sun ga haka a 2019, lokacin da sabon tsarin Catalina ya daina karɓar tsofaffin manhajoji. Masu CS2 da CS3 kuma an daɗe da kashe na'urorin da ke tabbatar da lasisinsu. Corel ɗin da ka saya bana, in abokin aiki ya turo maka fayil daga sigar shekara uku masu zuwa, sai ka roƙe shi ya sauke maka shi zuwa taka. Saboda haka na gyara lissafina: na daina ɗaukar saye a matsayin na har abada, na ɗauke shi na shekara huɗu ko biyar. Ko a haka, dala 549 a shekara huɗu ba ta kai dala 140 a shekara ba.

Matsalar sayen Corel ita ce kuɗin a dunƙule ake son su. A watan Oktoba dala ta wuce naira 1,600, wato ina neman kusan naira 900,000 a hannu ɗaya. Da adashe na haɗa su. Mu goma ne a layinmu, na roƙi a ba ni kwasar Oktoba, na cika da kuɗin wani aikin kalanda da aka ba ni kafin alƙalami. Matata ta tambaye ni, "Yanzu duk wannan kuɗin, me za a kawo gida?" Na ce mata lamba ce za a turo ta imel. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya sa albarka, amma ka rubuta lambar a takarda." Shawarar da ta fi kowace amfani ke nan a duk tafiyar.

Wajen biya na yi taka-tsantsan. Akwai masu tallan "lasisi na asali" a naira dubu goma sha biyar a kafafen sada zumunta, wannan sata ce aka sa wa riga. A shafin kamfanin kansa na saya. Katin dalar yana da iyakar abin da zai ɗauka, don haka sai da na nemi a ɗaga min, na kuma zuba abin da ya ɗan haura farashin saboda haraji da kuɗin canji. Da saƙon ya shigo, na sauko da manhajar da tsakar dare lokacin da data ke araha, na saka, na shigar da lambar. Da gari ya waye na ɗauko tsohuwar kwamfutar lungu, na kwashe fayilolinta, na goge ta tas. Affinity kuma na saye ta a lokacin ragin ƙarshen shekara, saboda gyaran hoto da tsara littattafan boko, inda babu Larabci.

Mako biyu kafin ranar da ke jikin bango, ƙararrawa ta buga, na shiga na dakatar da sabuntawa. An yi min tayin ragi in zauna, tayi mai kyau kuwa, na gode na wuce. Ban rabu da Adobe da faɗa ba, kuma ban rabu da ita kwata-kwata ba. Akwai wata ƙungiya da ke ba ni aikin rahotonta na shekara, su da InDesign suke aiki, fayil ɗinta suke turowa, shi suke so a mayar musu. Idan aikinsu ya zo, nakan ɗauki hayar manhaja ɗaya ta wata guda, irin wadda babu yarjejeniyar shekara. Ta fi tsada a wata, amma ina sa kuɗin a cikin farashin aikin, su ma sun sani, in na miƙa aiki in rufe. A shekarar da ta biyo baya sau biyu kawai na yi haka. Akwai abubuwan da nake kewa, musamman yadda Photoshop ke cire bayan hoto ko cike gurbi cikin daƙiƙa kaɗan, abin da yanzu yakan ci min minti goma. Na san da wannan tun kafin in fita, na kuma yarda da shi.

A ƙarshen Oktoba na 2025 Canva ta haɗe manhajojin Affinity uku wuri ɗaya ta sake su kyauta ga duk wanda ya buɗe asusu, sai kayan ƙirƙirarriyar basira ne ta bar wa masu biya. Abokin da ya nuna min katin dala ya kira ni, ya ce, "Ka ga da ka jira shekara ɗaya da ba ka kashe kuɗinka ba." Ban ji zafin kuɗin ba, don sun riga sun dawo tun a aikin littafi na biyu. Na saka sabuwar a kwamfutar yaron shago, yanzu da ita da Inkscape yake koyo, shi ne ɗan koyo na farko da na sani a layinmu da bai fara da kayan sata ba. Tawa tsohuwar sigar da na biya kuma na bar ta inda take, na adana fayil ɗin sakawarta a ma'ajiyar gida, domin abin da aka ba ka kyauta da sharaɗin asusu, mai shi yana iya sauya sharaɗin.

A watan nan ne kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, ranar 14 ga wata, kwamfutar shagona kuwa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Don haka adashen bana na kwamfuta ne. Na riga na duba yadda ake cire lasisin Corel daga tsohuwa a mayar da shi sabuwa, lambar kuma tana cikin ambulan ɗin da takardar hayar shago take, a akwatin matata.